Kawu da Neman Aibun Mutumin Duza

Na yi shekaru ina koya wa yara nazarin taurari a ƙagaggen labari, alhali ni kaina ban iya kallon mutum ba. A sakandaren da nake koyarwa a Gummi, in na tsaya gaban allo sai in tsaga shi biyu da alli. Nan babban tauraro, mai gaskiya, mai haƙuri, mai biyayya. Can abokin gabarsa, maƙaryaci, mai haɗama. Yara su kwafe, su haddace, su ci jarrabawa, kowa ya tafi gida da murna.

Da na zauna rubuta littafina na farko ma haka na yi. Labarin wani mutum ne da son zinare ya sa ya kwaso dutsen ma'adini ya kawo cikin gida yana niƙawa, har gubar dalma ta kama 'ya'yansa. Abin ya faru a ƙauyukanmu, kowa ya ji, kuma ina cike da haushinsa, don haka na zuba wa mutumin nan duk wani mugun hali da na sani. Na ba wata malama 'yar Filato da muke koyarwa tare ta duba, don Hausa a bakinta ta fi ta wasunmu. Ta dawo mini da shi bayan kwana uku ta ce, "Malam, mugun nan naka ba ya cin abinci ne? Daga ya tashi sai mugunta har ya kwanta." Na karɓe littafina, na yi mako guda ba na amsa gaisuwarta da kyau. Ina da saurin fushi, kuma ba na son a gyara mini abin da na riga na yaba wa kaina.

A cikin hutun makarantar da ya biyo baya ne maganar ƙanwata ta taso. Tana aikin jinya a wani asibiti a Anka. Mijinta ya rasu ya bar ta da yaro ɗaya, ta yi shekaru tana korar manema, har Inna ta gaji da magana. Ran nan ta zo gida Bukkuyum ta ce ta samu wanda take so. Manomi ne a Duza, yana kawo 'yarsa asibiti karɓar magani. Da aka tona, ashe yana cikin waɗanda suka niƙa dutse a tsakar gida. Ɗansa namiji ya rasu, mace ta rayu amma gubar ta taɓa mata kai, matarsa kuma ta nemi saki ta koma gidan ubanta.

Inna ta ce ba da ita ba. Ni kuwa na fi kowa ɗaga murya, don gani nake mugun littafina ne ya fito daga takarda ya zo neman ƙanwata. Ita ba ta yi gardama ba. Ta ce ba za ta yi auren da Inna ba ta sa wa albarka ba, amma in an hana ta wannan, kada a sake kawo mata maganar wani. Na san ta, in ta faɗi abu ta gama. Dangin mahaifinmu suka ce a bar wa Kawu, abin da ya gano shi za a bi.

Kawu, Allah ya jiƙansa, yayan Inna ne. Manomi ne, gajere, mai sanyin magana, goro ɗaya yana kai masa tun hantsi har azahar. Bai yi boko ba. Amma a unguwarmu in za a ba da 'ya ga baƙon gida, shi ake roƙa ya je bincike, ya gano halin manemin da na gidansu kafin a amsa. Ana cewa bai taɓa dawowa ya ce "mutumin kirki ne" ya yi shiru ba. Gwiwoyinsa sun fara ciwo a lokacin, ni kuma ina da babur, ga hutu, sai aka ce in ɗauke shi. Na yarda da sauri, don ina son in ga an kama mutumin da idona.

Na ɗauka Duza za mu nufa. Kawu ya ce Adabka, gidan tsohon surukin mutumin.

"Kawu, can ai zaginai kawai za mu sha."

"Shi nika so. Abokin mutum ba shi hwaɗa ma komi sai alheri, kai ko ka hau babur ka tahi ka ji alheri? Tada mashin, Malam."

Malam yake ce mini in yana son ya tsokane ni. Muka bi hanyar nan mai ramuka, yana riƙe da rigata ta baya, duk ramin da na faɗa sai ya ce sannu, kamar ni na ji ciwon.

Tsohon ya karɓe mu a zaure. Da ya ji abin da ya kawo mu, fuskarsa ta canja. Ya yi ta faɗa, Kawu bai katse shi ba, bai kuma tambaye shi wane irin mutum ne surukin nasa ba. Wannan tambayar ban taɓa ji daga bakinsa ba. Sai da tsohon ya sauke numfashi Kawu ya ce, "Kahin yaran su kwanta, ba wanda yag ga wata alama?"

Tsohon ya ce an gani. Agwagin gidan ne suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. 'Yarsa ta ce wa mijin ƙurar nan ba ta yarda da ita ba, a fitar da niƙan waje. Ya ce mata surutu ya yi mata yawa, wa ya taɓa jin ƙasa ta kashe mutum. Ya ci gaba da abinsa.

Na dubi Kawu, zuciyata fes, na fara neman takalmina. Shi kuwa ya gyara zama.

"Ran da yaron yar rasu, wa anka aiko ya hwaɗa maka?"

Tsohon ya dubi ƙasa. Ya ce ba a aiko kowa ba, shi ya zo da kansa. Ya tsaya a bakin zauren nan ya ƙi shiga, ya ce, "Baba, ɗiyarka ta hwaɗa min ban ji ba. Ni nik kawo dutsen cikin gida." Tsohon ya ce ya so ya ɗaga masa hannu, amma ya rasa ta inda zai fara da mutumin da ya riga shi zagin kansa.

A hanya na ce wa Kawu ai magana ta ƙare, an gargaɗe shi ya ƙi ji, kuma ya amsa da bakinsa. Kawu ya ce, "Wanga abin da yay yi na cikin shekara guda. Ƙanwarka ba da shekara guda za ta zauna ba, da sahe da marece za ta zauna. Ban ga sahiyatai ba tukuna."

Muka kwana a Anka gidan wani ɗan'uwa, da safe muka kama hanyar Duza. Damina ce, gero ya kai ƙugu. Nan ma Kawu bai shiga gari ba. Ya tambayi wasu masu noma inda gonar mutumin take, ya sa na jingine babur, ya bi iyakar gonar da sandarsa a hankali, kansa a ƙasa, kamar wanda ya yar da allura. Ni ina biye da shi ina tsaki a ciki, raɓa ta jiƙa mini wando. Ya nuna mini kunyar da ta raba gonar da ta maƙwabci. Tana nan da faɗinta, ba a sassaɓe ta ba ko kaɗan. Ya nuna mini ƙarshen gonar ta yamma inda ciyawa ta fi ƙarfin shuka. Ya ce mai gonar nan ya iya noma, amma akwai abin da yake tayar da shi kafin ya gama.

Maƙwabcin yana nan yana maimai. Kawu ya yi masa barka da aiki, ya ɓara masa goro, suka yi ta hirar ruwan bana da tsadar taki har na fara hamma. Can ya karkato da zancen kamar ba da gangan ba. Maƙwabcin ya ce iyaka kam ba ya ci, kuma in ya ari fartanya da kaifinta yake mayarwa. Masu haƙar zinare har yau suna zuwa roƙonsa don ya fi su sanin dutse, ko a shekarar da gero ya ƙi bai bi su ba. Amma zama da shi sai haƙuri. Ba ya zuwa suna, ba ya zuwa biki, gaisuwarsa kalma biyu ce. Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya taɓa dawowa daga rami ya ɗauki yarinyar da kayan aiki a jikinsa, mutumin ya kwaɗa masa mari a gaban mutane, kuma har yau ba sa magana, duk da liman ya sa baki.

Na lura fuskar Kawu ta saki da ya ji wannan. Abin ya ba ni mamaki har na tambaye shi.

"In ban ishe aibun mutum ba, ban ishe mutumin ba," in ji shi. "Wanda anka ce ba shi da aibu, ɓoye min shi anka yi. Yanzu mun hwara kusa."

Muka yi sallama a ƙofar gidan da sunan masu neman ragon kiwo. Ya fito, dogo, ramamme, ba fara'a. Kafin ya ce mu shiga ya ajiye mana buta da sabulu, ya ce mu kakkaɓe riguna a waje, mu wanke hannu da ƙafa. Raina ya ɓaci. Ni da na sa farar shadda, a ce in wanke ƙafa kamar wanda ya fito daga turken shanu? Kawu kuwa ya tsuguna da gwiwoyinsa masu ciwo ya wanke har tsakanin yatsu.

Yarinyar tana zaune a kan tabarma a zauren. Za ta kai shekara tara, amma maganarta ta ɗan yaye ce, kanta yana ɗan rawa. Da ta gan mu ta ruƙunƙume ƙafar ubanta. Ya shiga da ita rataye a jikinsa ya fito da kwanon fura. Ya zauna, ya fara ba ta da ludayi har ta kau da kai, ya goge mata baki, sa'an nan ya turo mana kwanon. A garinmu a ba yaro kafin baƙo, baƙon ma dattijo? Na dubi Kawu don ya ga rashin ta ido. Ya sha furarsa ya yi hamdala.

Aka je aka duba rago. Kawu ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce zai yi shawara. Da muka zo fita mutumin ya ce, "Baba, ragon ga ba na saidawa ba na, kuma ba shi yak kawo ku ba. Wanga malamin, hancinsu guda da malamar asibitin Anka. In tambaya kunka zo yi, ku yi."

Kunya ta rufe ni. Kawu ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce tambaya ɗaya gare shi.

"Wa ka yi ma ɗiyag ga kitso?"

Sai a lokacin na dubi kan yarinyar. Kitso ne manya guda huɗu, a karkace, tsagar ta yi nan ta yi can. Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ne. In wata ta taɓa mata kai ihu take har ta shiɗe, shi ya sa ya je wurin wata tsohuwa ya zauna ta koya masa, maza suna yi masa dariya. Kawu ya ce Allah ya ba da lada, muka fito.

Da muka yi nisa ya sa na tsaya a gindin wata tsamiya don ya miƙe ƙafa. Ya ce, "To Malam, mi kag gani?"

Na ce na ga mutum mai girman kai wanda bai san darajar baƙo ba. Na faɗa ne don kada in sauka da sauri, amma muryata ba ta da ƙarfin jiya. Kawu ya fara lissafa mini abin da muka wuce tare ban gani ba. Turmin gidan sabo ne, tsohon yana kife a bayan katanga an cika shi da duwatsu don kada wani ya ɗauka. Randar ruwa a rufe take da faifai biyu. Takalman yarinyar sun fi na uban kyau nesa. Hular mutumin a yage take, kuma ya san masu bincike na iya zuwa kowace rana, bai canja ba. Ni da nake da tabarau da takardar shaidar karatu, hanci na ɗaga na shiga, na ɗaga na fito.

Daga nan ya tambaye ni littafin da Inna ta ce ina rubutawa. Na ba shi labarin a taƙaice, ina jin nauyin kowace kalma. Ya saurara yana tauna goro.

"Shi mugun naka, wa ta haihe shi?"

Na ce ban sa uwarsa a ciki ba.

"In ya komo gida, wa ka yi mai sannu da zuwa? Mi shika tsoro? Kahin zinaren ga, mi shika ci da iyalinai?"

Mutumin da na yi wata da watanni ina rubutawa, ban san ko yana da gona ba. Kawu ya ce shi bai san aikin littafi ba, amma in aka aike shi bincike ya dawo da irin wannan bayani, cewa za a yi bai je ba, a tasha ya zauna ya ji ta bakin 'yan acaɓa.

Ban taɓa jin an yi mini gyara mai zafi haka ba, kuma ban taɓa jin wanda bai ɓata mini rai ba sai shi. A gindin tsamiyar nan na ji ƙaunar tsohon nan ta cika mini ƙirji. Daga baya na rushe littafin na sake gini, na ba mutumin uwa da gona da shekarar da fari ya cinye masa gero, na bar masa laifinsa yadda yake. Na je na ba malamar nan haƙuri. A aji kuma na daina tsaga allo. Yanzu cewa nake yara su nemo mini abu ɗaya da tauraro ya aikata ba wanda ya sa shi, su nemo wanda ba ya ƙaunarsa su ji ta bakinsa, kuma kada wanda ya kawo mini tauraro marar aibu.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, abin da ke gabanmu shi ne Inna da ke jira a Bukkuyum, da ƙanwata da ta ɗauki hutun kwana biyu ta zo jin hukunci. Tun daga tsamiya har gida Kawu bai gaya mini inda ya karkata ba, ni kuma na kasa tambaya.

Washegari bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Inna tana tsince wake a faifai, ba ta ɗaga kai ba. Kawu ya fara da laifin, bai rage komai ba: agwagin, gargaɗin da aka ƙi ji, marin ƙane, riƙon da ya ƙi ƙarewa. Sa'an nan ya faɗi iyakar gona, da zuwansa Adabka da ƙafarsa, da kitson. Inna ta ce, "Yaya, ni ban gane ba. A ba shi ko a hana?"

"Ba ni ka zama da shi ba, ba ke ba. Kira ta."

Ƙanwata ta fito daga ɗaki ta durƙusa a gefen tabarma, ɗanta yana wasa da murfin kwano a bayanta. Kawu ya dube ta ya ce mutumin ba zai cuce ta ba, ba zai yi mata ƙarya ba, ba za ta kwana da yunwa ba in yana da rai. Amma yana da taurin kai, in ya riƙe abu ba ya saki, kuma dariya ta yi ƙaranci a gidan.

"Sai babban, ɗiyata. Ki ji shi da kyau. Yarinyag ga ita ta gaba, yau da gobe da jibi. Ke kina bayanta. Ɗanki na bayanta. Wanda za ki haihwa mai ma bayanta za shi tsaya. Ba mugunta ta ba, kuma ba shi iya canzawa ko ya so. In kin san ranki ba shi ɗauka, hwaɗi yanzu, ba wanda za shi ga laihinki."

Inna ta daina tsintar waken. Ni da na fi kowa ihu a farko, na tsinci kaina ina addu'a a zuci, ban ma san wace amsa nake roƙo ba.

Ƙanwata ta juya ta dubi ɗanta, ta daɗe tana kallonsa. Sa'an nan ta ce, "Kawu, ɗana yana da ni, yana da Inna, yana da Yaya, yana da dangin ubanai. Ita ba ta da kowa sai mutum guda. In zazzaɓi ya kada shi kwana ukku, ba mai iya ba ta ko ruwa. Na daɗe ina lallashinta, sai watan jiya ta yarda na riƙa mata hannu. Ita nif fara so kahin shi. Bayanta ɗin nika son in tsaya."

Kawu ya dubi ƙanwarsa. Inna ta ajiye faifan a ƙasa. Ta ja bakin zanenta ta share ido, ta yi kamar ƙaiƙayin wake ne ya shiga mata. Can ta gyara murya, ba ta dubi kowa ba.

"Ita ɗiyag ga," in ji Inna, "tana cin tuwon dawa, ko sai na shinkahwa za ni tuƙa mata?"